Kifi a Farantin Gida

A wurin mai gasa kifi, wani dattijo ya miƙa farantin da ya zo da shi daga gida.

"Ɗora min ɗaya, hoto kawai zan ɗauka in mayar maka."

"Baba, nan ba gidan hoto ba ne!" in ji mai kifin, har mutane suka waigo.

Dattijon ya rage murya. "'Yata ce ke nesa. Tun rasuwar uwarta kullum sai ta ga abin da na dafa."

"To ka saya mana."

"In na kai gida ba ya ciwuwa, ɗana. Na kasa ci ni kaɗai."

Mai kifin ya sunkuyar da kai, ya jawo benci.

"Yi haƙuri, Baba. Zauna, ni ma ban karya ba."