Goran da Ya Fashe a Tashar Argungu

A tashar motocin Argungu da ke Birnin Kebbi, direba ya jefa buhun albasa kan goran kamun kifin wani tsoho, goran ya fashe. Tsohon ya zauna a benci, ya rufe ido. Wata mata tana gefensa.

"Baba, ba ka cewa komai? Ni kam, da tasha duk ta ji ni!"

"Bari in gama, ɗiyata."

"Gama mi?"

"Bin numfashina nike, shigatai da hitatai, har hushin shi kwanta."

"Wane malami ya ba ka wanga?"

"Ɗana Rabi'u. Gwamnati ta tura su ƙasar Tailan koyon noman shinkafa. Can ya ga mabiya addinin Buddha, in ransu ya ɓaci sai su zamna shiru, su kalli hushin har shi wuce."

"Mu ma ai an ce mai hushi shi zamna, shi yi alwala."

"Haka ya ce mani. Ya ce, 'Baba, ka yi alwalar, ka ƙara da wanga.' Ni ko na ce ya kwaso mani kahirci gida. Na mare shi gaban matatai. Shekara huɗu ke nan yana Ikko, ba ya ɗaukar wayata."

Matar ta dubi fasasshen goran.

"To, yana aiki dai?"

"Hushin yana tahiya, ɗiyata, kullum na gwada. Yaron ne bai dawo ba."