Tulun Gilashi da Ruwan Malam Namadi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Mai Girma Uban Ƙasa, liman, shugabar makaranta, iyaye da suka taso daga Geza da Bahindi, da ku ɗalibaina, barkanku da zuwa ɗakin gwajin kimiyya na makarantarmu.

Na gode wa tsofaffin ɗalibai da suka sayo mana waɗannan kayan gilashi. Shekaru muna zana su a allo, yau ga su a kan tebur.

Da farko, aikinsu. Ana tafasa ruwa a wannan tulu, tururi ya bi wannan bututu mai sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga a kofi, datti da gishiri su tsaya a baya. Haka matatar mai take raba fetur da kananzir. Duk yaron da zai karanci injiniyancin sinadarai, daga nan zai fara.

Na biyu, abin da ya hana ni sukuni. Kayan na isowa, Malam Namadi, mahaifin ɗalibata Munawwara, ya leƙo ta taga. Ɗan kasuwa ne mai tsallaka iyakar Benin da babur, kuma ya ce ya taɓa ganin tukunya da bututu irin haka a can, inda ake dafa giya. Ya hana 'yarsa zuwa aji, wasu iyaye suka bi shi, har aka fara maganar rufe ɗakin gwajin. Ban ga laifinsa ba, uba ne, kuma hanyar aikin ɗaya ce. Abin da aka zuba a tulun shi ne bambancin.

Na roƙe shi ya zo da ruwan da ya zaɓa. Ya ɗebo na kogin Kwara, jawur da laka, ya zauna ya tsare tulun da ido har kofi ya cika. Ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Malam, ruwan ga ko ɗanɗano babu. Gobe ɗiyata na zuwa, amma ni a bar ni da na rijiya."

Ta dawo, sauran ma sun dawo. Iyaye, ƙofar ɗakin nan a buɗe take gare ku kullum. Yanzu Munawwara za ta kunna wutar a gabanku.

Allah Ya raya mana yaran nan, Ya tsare hannayensu da gilashin, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode ƙwarai.