Hular Alhaji da kocin besbol

A ofishin aika kaya na Baiyun, can ƙasar waje, wani ɗalibi, Nababa, ya hango hular ƙungiyar wasan besbol da yake goyon baya a kan wani dattijo.

"Alhaji, ashe namu ne! Ka ji kocinmu ya sayar da gwanin jifanmu?"

"Ya sayar? A kore shi kawai!"

"Wallahi! Mutumin da ba a iya dukan jifansa!"

"Ɗana, wai wane irin wasa ne? Ni hular samfur ce, kwali-kwali nake kaiwa kasuwar Kwari."

Nababa ya ce a hankali, "Tun zuwana ƙasar nan ban taɓa yin wannan faɗan da Hausa ba."

Alhaji ya matsa masa a benci. "To zauna ka ƙarasa. Kocin nan ni ma bai kwanta min ba."