Tatsuniyar da Ba a Amsa Mini Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Wani dattijo ne daga Nguru.

Jikokina Falmata da Fanna sun zo hutu daga Gashuwa, karo na farko tun rasuwar kakarsu. Bayan magariba suka kaure da gardama kan 'yan matan katun da suke kallo a waya. Falmata ta ce tata jaruma ce. Fanna ta ce, "Jaruma ko mai taurin kai? Ba ta jin maganar ubanta!" Falmata ta ce, "Taki fa? Raguwa, kullum tana jiran a cece ta. Ango, raba mu!"

Na ce marigayiya tana da wadda ta fi su duka. Na gyara murya: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Shiru. Ashe ba su san ana cewa "Ta zo mu ji ta" ba. Shekara arba'in matata tana buɗe tatsuniya a tsakar gidan nan, ba a taɓa barin ta babu amsa ba. Sai na ce musu na manta.

Wallahi ban manta ba. Jibi za su koma. Jama'a, yaya tsoho zai koya musu amsar nan ba tare da sun ga hawayensa ba?