Likitan da Aka Tura Ƙaro Ilimi

A bencin wani asibiti a Njamena na ji wani magidanci yana yi wa wata tsohuwa ƙorafi.

"Iya, sati uku matata na jiran tiyata. Wai likitan yana Faransa."

"Karatu ya je, ɗan nan. Jami'armu ce ta haɗa kai da tasu, ya koyo ya dawo ya koyar."

"Shekara nawa yanzu?"

"Shida."

"Ai wannan ya gudu! Kin san shi ne?"

"Ngarsadjim? Ni na haife shi."

"To, me ya kawo ki layi?"

Ta dafa gefen ƙirjinta. "Ƙari ne. Ban gaya masa ba. In ya ji zai taho, ya rasa aikinsa na can."