Matuƙin Jirgin Sama a Tashar Mota

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sanusi daga Limancin Kona, Zariya.

Baba ya sayar da gonarsa na koyi tuƙin jirgin sama. Na nemi aiki a Legas da Kano, ko'ina sai a ce, "Awoyinka a sama sun yi kaɗan." To yaya za su ƙaru ba a ba ni jirgi ba?

Duk sanda Baba ya ji ƙarar jirgi, sai ya leƙo daga zaure ya ce, "Sanusi, saura naka." Watan jiya muka binne shi. Yanzu tasi nake ja zuwa Kaduna, lasisina na jirgi kuma ya kusa mutuwa.

Jama'a, don Allah ku ba ni shawara, in ƙara jira ko in haƙura?