Irin Geron Baba

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Fatakwal nake rubutowa, inda nake gadi shekara shida ke nan, amma gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gwiwa.

Gab da damina wasu mutum biyu suka je wa mahaifina a kan babur. Suka durƙusa suka gaishe shi, suka ce sun kawo sabon iri mai nuna da wuri. "Baba, ba kuɗinka muke so ba, musaya za mu yi." Ya buɗe rumbu ya ba su duk geron da ya ware don shuka, irin da muke shukawa tun zamanin kakana. Suka bar masa wani jan iri a leda.

Ruwa ya sauka, Baba ya shuka. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tamu ko tsiro babu. Ashe ruɓaɓɓen hatsi ne aka shafa wa kala. Kafin ya gaya mini, lokacin shuka ya wuce.

Na kira shi raina a ɓace, har na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Sun zauna da ni har la'asar, Sale. Har ciwon ƙafata suka tambaya."

Wallahi ban san ƙafarsa na ciwo ba.

Ɓarayi ne, Allah ya isa. Amma ni ma ba ni da bakin magana. Hatsi zan saya in aika, irin kakana kuwa ya tafi ke nan. Masu sauraro, ta yaya mutum zai tsare tsohonsa daga nesa, alhali duk wanda ya zauna ya saurare shi, sai ya buɗe masa rumbu?

Ina gaida Baba, in rediyonsa na kunne.

Sale Maigadi, Fatakwal